Ɗorawar Gindin Kufena Ba Ta da Magaji

Likita ne ya jawo min wannan yawon. Shekara biyu ke nan da ya ɗaura min abin awo a dantse, ya dubi lamba, ya dube ni, ya ce jinina ya hau, kuma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba sai na riƙa taka ƙasa. Na fara da zagaya unguwarmu a Tudun Wada bayan sallar Asuba. Kwana huɗu na yi na haƙura. Mu nan ba a saba ganin mai furfura ya kama hanya ba tare da inda za shi ba. Duk ɗan acaɓan da ya zo wucewa sai ya rage gudu: "Alhaji, tafiya ce?" Maƙwabcina kuwa har zaure ya biyo ni, ya yi ƙasa da murya, ya ce in motar ce ta lalace kada in ji nauyinsa, ga tasa nan a ajiye.

Sai na ce bari in nemi inda ba a san ni ba. Wata Asabar na hau Keke Napep zuwa Wusasa, na sauka kusa da tsohon cocin nan na ginin ƙasa da 'yan mishan suka gina a 1929, na sa Dutsen Kufena a gaba na yi ta tafiya har gidaje suka ƙare.

Abin kunya, a Zariya aka yanke cibiyata, kullum da yamma ina ganin rana tana faɗawa ta wajen dutsen nan, amma sau ɗaya tak na taɓa zuwa gindinsa. Muna firamare ne, malamin tarihi ya kwashe mu a bayan a-kori-kura, ya tsayar da mu cikin rana ya ba mu labarin yadda aka taso daga Turunku aka zauna Kufena kafin a kafa birnin da muke ciki, da Bakwa, da 'ya'yanta Amina da Zariya. Abin da na fi riƙewa daga ranar shi ne ƙishirwa da rake.

Wanda ya ji na ce daji kada ya sa ran duhuwar da rana ba ta ratsawa. Yawancin hanyar gonaki ne, da itatuwa tsaitsaye jefi-jefi a cikinsu, ɗorawa nan, kaɗanya can, tsamiya a bakin hanya, kuka a inda aka taɓa yin gida. Sai ka matso jikin dutsen, inda garma ba ta iya shiga, sannan za ka ga itatuwa sun haɗa kai. A nan na fara sanin hano, mai ɓawo kamar tsohuwar takarda, yana saɓulewa da kansa, in ka karce shi ƙaro mai ƙanshi ya fito. Duk wanda na gani an sassaƙe masa gefe guda, aikin masu magani. Akwai wani irin ɓaure da ke tsirowa a tsagin dutse, saiwarsa fara tana malala a kan fa kamar an zubar da kunu ya daskare. Akwai marke, da taura, da gwandar daji, da kalgo, da tsada mai tsamin da ke sa mutum runtse ido. Doka kuwa, wadda malaman jami'a ke cewa ita ce asalin itacen dazuzzukan wannan yanki, har sunanta na kimiyya Isoberlinia doka daga bakinmu aka aro shi, sai na yi makonni kafin na ga 'yan tsiraru, su ma toho ne daga kututture. A ƙarshen rani sabon ganyenta ja ne wur, yana sheƙi kamar an shafa masa mai.

Akwai wani dogon tudun ƙasa da nake hawa in sauka kowace Asabar, na ɗauka wata ƙatuwar kunya ce ta iyakar gona. Ashe ragowar ganuwar Kufena nake takawa. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi ganuwar nan sun auna ta a shekarun 1970, kuma su ne suka tono wuraren narka tama a yammacin Samaru, waɗanda suka haura shekara 1,000. In ka sa ido a ƙasa bayan ruwa ya wanke ta, kana iya tsintar katanga ta tsohuwar tukunya ko baƙin dunƙulen kashin maƙera. Na ajiye guda a kan teburina. Narka tama gawayi yake ci, gawayin kuma na itace mai tauri irin ƙirya, don haka sare itace a ƙasar Zazzau ba yau aka fara ba. Masallacin Juma'a na cikin birni ma, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, ai da azarar giginya aka ɗaure bakansa. Birnin nan da dajin nan aka gina shi.

A Asabar ta huɗu ne na kusa kwana a hannu.

Na sayi wani tsohon madubin hangen nesa wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, saboda wasu tsuntsaye da ke ta da murya tare da sassafe daga cikin duwatsu, fito a kan fito, yana hawa yana ƙara ƙarfi, amma in ka waiga ba ka ganin kowa. Ina laɓe bayan wani dutse, na kafa madubin, na samu sa'a na gan su: kazar dutse ce, guda biyar, baƙi-baƙi, kowace ta ɗaga wutsiya kamar 'yar kazar gida, suna bin juna a guje. Ban gama murna ba na ji an ce, "Baba, tsaya yadda kake."

Samari uku ne, biyu da gora, ɗaya da bindigar toka. 'Yan sintirin ƙauyen.

"Me kake leƙe?"

Na ce, "Tsuntsu."

Suka dubi juna. Mai bindigar ya ce, "Tsuntsu. Za ka harba ne?"

"A'a, kallo kawai."

Wannan amsar ce ta ƙara ɓata lamarin. Kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda masu garkuwa da mutane, ga baƙo daga gari ya ɓuya bayan dutse yana hangen gonakinsu da gidajensu, ya ce wai tsuntsu yake kallo. Ni ma da ni ne, sai an je gaban mai unguwa. Muna cikin haka wani tsoho ya taso daga gonarsa da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Kai samari, ku ƙyale bawan Allah. Asabar uku ina ganinsa. Ba abin da yake yi sai ɗaga kai sama kamar mai neman watan Sallah." Aka yi dariya, aka ba ni haƙuri, na ba su haƙuri. Duk da haka tsohon ya raka ni na gaida mai unguwa, wanda shi ne abin da ya kamata in fara yi tun ranar farko. Wanda duk zai bi sawuna ya fara da nan. Ya kuma tafi da rana a sama, ya dawo da rana a sama, kada ya tafi shi kaɗai in yana da abokin tafiya. Dajin Guga da ke wajen Shika, ta ɓangaren Giwa, na so in gani, amma kowa na tambaya sai ya girgiza kai, ni kuwa ban ƙi jin magana ba. Kalmar daji kanta an ɓata mana ita. Da in an ce wane ya shiga daji, itace ko farauta ko magani ake nufi.

Tun daga ranar tsohon nan ya zama malamina. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce min Malam in yana cikin raha, ɗan birni in na yi wauta. Shi ya nuna min bambancin sawun zomo da na kurege a kan rairayi, da ramin gafiya mai ƙofa biyu, da inda damo ke shan hantsi. Shi ya hana ni zura hannu cikin tsohon suri, ya ce gidan haya ne, ba ka san wanda ya kama ɗaki ba, ko gamsheƙa ce. Ya ce da yana yaro aikinsu da kaka shi ne korar jan biri daga gonar dawa, kuma da dare ana jin kukan kura daga dutsen, gada kuwa har cikin wake take shigowa. Ni dai a shekara biyu ban ga ko ɗaya cikin ukun ba. Abin da na gani da idona: zomo, kurege, bushiya, damo, hawainiya sau biyu, da kasa guda ɗaya kwance a tsakiyar hanya, wadda ta sa na yi tsallen da gwiwata ba ta yafe min ba har yau.

Tsuntsaye ne suka rage da yawa. Fakara tana tashi daga ƙarƙashin ƙafarka da fuffukar da ke tsinka zuciya. Cilakowa tana tafiya a sama kamar mai ninƙaya, ta buga fiffike ta saki jiki. Ragon maza yana kukansa daga cikin ciyawa kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu. Ga hasbiya a kan duwatsu, ga shirwa, ga balbela a bayan shanun Fulani a burtali. Da ƙarshen bazara shamuwa ke isowa, bayan ta yi watanninta can gabashi da kudancin Afirka, kuma har yanzu in ta sauka a tsamiyar ƙauyen sai ka ga an fara fito da iri ana dubawa. Wadda babu ita ce ungulu. Mu da muka tashi muna jifar su a mahauta, yau sai in yi shekara ban ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa irin tamu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma masu sayen kanta da ƙafarta don tsibbu suna cikin manyan dalilai. Jikana ɗan shekara bakwai ya san karin maganar ungulu da kan zabo, amma bai taɓa ganin ungulu ba sai a waya.

Kowane lokaci da irin tafiyarsa. Ruwan da Zariya ke samu a shekara ya ɗan haura milimita 1,000, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, saboda haka wuri ɗaya ne amma kamar biyu. Da damina raɓa za ta jiƙa ka har ƙugu, dutsen ya yi santsi, gamba ta fi ka tsawo. Gambar nan da muke yin zana da ita muna raina ta, daga Shika aka ɗauki irinta a shekarun 1970 aka kai Kolombiya, daga can ta shiga Barazil ta zama abincin shanu, a arewacin Ostireliya kuwa ta fi ƙarfinsu, gobarar daji take haddasa musu, da sunanta na gamba suke kuka da ita. Da hunturu hazo ke rufe komai, yara su cinna wa ciyawa wuta suna bin gafiya da karnuka, bayan 'yan kwanaki rawaya ta fito da furenta daga cikin toka, ba ganye ba kara, kamar an watsa ƙwai a baƙar ƙasa. Amma in shawarata za a bi, a zo da kaka. Sama ta washe, dawa ta sunkuya, in ka daure ka hau har bisa za ka hango dogon benen jami'a a Samaru, da rimayen cikin birni, da ƙaramin jirgin 'yan koyon tuƙi na kwalejin jiragen sama yana kewaye kamar shirwar da ta ga ɗan tsako. Ta wani gefen kuma za ka ji ƙarar gudumar masu fasa dutse, ka ga fulotai an kafa musu duwatsun shaida, bulo yana tahowa gona bayan gona.

A kakar farko ne na lura da abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Muna zaune da Baba a inuwar wata ɗorawa a gonarsa, wadda mu biyu ba za mu iya zagaye gindinta da hannu ba, da amya biyu ɗaure a rassanta. Ya ce kakansa ma haka ya tarar da ita. Ya shiga lissafa min abin da take ba gidansa: garin ɗorawa na yara, kalwa ta daddawa wadda ita ce jarin matan gidan, makuba ta daɓe da shafen katanga, zuma daga amya, inuwa ga mai noma, ganyen da ya zuba kuma taki. Har ya ce a nan ana iya sayar da gona a ce ban da ɗorawar, kuma in an zo rabon gado ana ambatonta da kanta, kamar saniya. Na duba gabas na duba yamma, na ga gaskiya duk itacen da ke tsaye a gonakin nan akwai bakin da yake ciyarwa. Wanda ba ya ba da komai tuni ya zama itacen girki.

Daga inda muke zaune na ƙirga ɗorawa goma sha bakwai. Dukansu tsofaffi. Wasu sun fara bushewa daga sama, wasu kauci ya kama su.

Na ce, "Baba, ina 'ya'yansu?"

Ya ce, "An sauke tun bazara, ai ka makara."

"Ba su nake nufi ba. Ƙananan itatuwan, masu tasowa."

Ya yi shiru, ya bi gonakin da kallo kamar yau ya fara ganinsu. Can ya ce, "Ɗan birni, wa ka taɓa gani ya shuka ɗorawa? Allah ke shuka ta."

Gaskiyarsa, haka abin yake a da. Amma da na yi ta jan sa da tambaya, da bakinsa ya warware min yadda shukar take yiwuwa. A zamanin mahaifinsa in gona ta gaji sai a bar ta saura shekara biyar, shida, har fiye. A cikin sauran nan ne kalwar da biri ko yaro ya yar take tsirowa, ta yi ƙarfi a ɓoye cikin ciyawa. Ranar da aka dawo sharar gona, mai gatari ya san ta, sai ya kewaye ta ya wuce. Haka kaɗanya, haka ɗinya, haka kanya. Yanzu wa ke da gonar da zai bari ta huta? Gonar da mutum ɗaya ya noma an raba wa jikoki goma sha. Kowace shekara garmar shanu ko tarakta ta bi ta kai, abin da ya tsira maganin feshi ya ƙone shi, abin da ya tsallake wannan awakin rani su gama da shi, ko wutar masu gafiya. Kalwar ma ba a barin ko ƙwaya a ƙasa, don tana kuɗi. Wanda kuma ya karɓi gona aro ko haya ba zai yarda itace ya tashi a ciki ba, mai gonar ma ba zai so ba, kada gobe a ce an kafa hujja. Ga gas ya yi tsada, buhun gawayi ya zama abin nema, tsohuwar bishiyar da ta rage haihuwa sai a fara yi mata kallon kuɗi.

Ni abin da ya tsaya min a rai, ba wanda ya yi mugunta a cikin wannan lissafi. Kowa yana da hujjarsa, kuma hujjar mai kyau ce. Mutanen gari irina mun iya zama a kan kujera mu ce manoma sun cinye daji, alhali buhun gawayin a ƙofar kicin ɗinmu ake sauke shi, fulotin ma mu ke saye. Kuma duk shekara ana bikin dashen itatuwa, a dasa dalbejiya da turare da malaina a bakin titi, a ɗauki hoto. Ban raina su ba, inuwa inuwa ce. Amma ba a daddawa da dalbejiya. Ɗorawa takan kai shekara 8 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya, kaɗanya kuwa sai ta haura 15, shi ya sa ba mai son ɗaukar hoto da su.

Da bazara ta zagayo aka sauke ɗorawa, na roƙi uwargidan Baba ta sayar min da kalwa cikin tafi. Ta ce, "Malam, daddawar za ka koya?" Da na faɗa mata abin da zan yi, ta ƙi karɓar kuɗi, ta bi ni da kallon da ake yi wa wanda ciwo ya taɓa. Ƙwayar tana da taurin ɓawo, sai na zuba mata ruwan zafi na bar ta ta kwana a ciki, na cika ledojin fiya wata da ƙasa da takin awaki, na jera su bayan ɗakin girki. Maiɗakina ta ce in dai ba za su hana ta shanya ba, ba ruwanta. Cikin ashirin, goma sha uku suka fito, da 'yan ganyayyaki ƙanana masu kama da gashin tsuntsu.

A watan Yuli na ɗora su a Keke Napep cikin kwali. Baba ya yi ta dariya har da tari, ya ce shi shekararsa ta wuce saba'in, ni ma ga furfura, wa zai sha garin? Amma ya ba ni gefen iyakar gonarsa ta wajen tsohuwar ganuwa, inda garma ba ta kaiwa, ya kuma sa jikansa ya saro ƙaya muka kewaye kowace. Ya ce in sani shi ba zai yi wahalar ban ruwa ba, yana da abin yi.

Da aka sako dabbobi bayan girbi awaki suka ci shida. Wuta ta ci uku a watan Janairu. Ɗaya ta bushe don kanta. Saura uku, mafi tsawonsu ta kawo min gwiwa.

Asabar da ta wuce na je. Tsakiyar Maris, rabon ƙasar nan da ruwa tun Oktoba, tsofaffin ɗorayin sun rataye jajayen tutunsu ƙudan zuma na ta kuka a kai, ƙasa ta bushe har ta tsage. Na leƙa cikin ƙayar na ga gindin duka ukun da danshi, har da ɗan gurbi da aka yi wa kowace da hannu. Na sami Baba yana gyaran ƙotar fartanya, na gaishe shi, na ce na ga an ba 'ya'yana ruwa, Allah ya saka.

Bai ɗago ba. Ya ce shi bai san zancen ba, alwala kawai ya yi a wurin.